Katin Inna yana ƙarewa ba ta kira kowa ba: wane layi da wane tsari ya fi sauƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano, mahaifiyata kuma tana ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa. Na saya mata ƙaramar waya mai madannai. Ba mai yawan kira ba ce, a mako bai wuce ta kira mutum biyu ko uku ba, sauran duk mu muke kiranta. Amma in na tura mata katin dubu ɗaya, kafin mako biyu sai ta ce ya ƙare. Wane layi ne ya fi arha, kuma wane tsari ya kamata in sa ta a kai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri.

Sayar da kati da yi wa mutane rajistar layi ita ce sana'ata, kuma yawancin masu zuwa wurina irin Inna ne: dattawa, matan aure, manoma da makiyaya, waɗanda an fi kiransu a kan su kira. Kafin mu taɓa maganar kamfani, bari mu yi lissafi, domin wanda ka kawo bai fita ba.

Mu ƙaddara tana kira sau uku a mako, kowane kira minti uku, da gaisuwa da tambayar jikoki da komai. Minti tara ke nan a mako, goma sha takwas a mako biyu. Mu kuma ƙaddara ana cire mata kwabo 25 a kowane sakan, don dai lissafin ya zo da sauƙi. In kana son sanin nawa ne a minti, ka ninka kwabban sau shida ka raba gida goma, sai ka sami naira 15. Minti 18 a kan naira 15, naira 270. A wannan farashi katin dubu ɗaya zai ba ta kusan minti 66, wato ya kai ta mako bakwai. Ko ka tsauwala ka ce kwabo 45 ake cire mata, naira 27 a minti, abin da za ta kashe a mako biyun bai cika 500 ba. To ka ga rabin kuɗinka, ko fiye da rabi, ba kiranta ne yake cinye shi ba. In ka canja mata kamfani ba ka gano inda yake zurarewa ba, ka sauya rijiya ne alhali gugan ne ya huje.

Gano wurin ba wuya, kuma ba sai an je ofishin kowa ba. Ranar da ka je gida, ko ka sa wani ƙaninka mai amana, a danna *310# a ga abin da ke cikin layin, a rubuta a takarda har da kwabbai. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita waɗannan lambobi, saboda haka *310# yana aiki a MTN da Airtel da Glo da 9mobile, wanda ya koma T2 a 2025. Sai a kira lambarka ka ɗaga, a bar kiran ya yi minti ɗaya cif a agogon wayar, a kashe, a sake dubawa. Abin da ya ragu shi ne kuɗin minti ɗayanta. In akwai bonas a layin, a duba shi ma, domin wani lokaci daga can aka cire. A sake wani kiran na minti ɗaya a wannan yinin. In na biyun ya fi na farko sauƙi, tsarin nata yana da kuɗin shiga na yini, za mu zo kansa. Daga nan a ajiye wayar kada kowa ya taɓa ta, da safe a duba. Idan kuɗi ya ragu cikin dare ba a kira kowa ba, akwai abin da aka shigar da ita yana ɗiba a hankali. Wasu a mako suke cirewa ba kullum ba, don haka in dare ɗaya bai nuna komai ba, a riƙa dubawa kowace safiya har kwana bakwai.

Abin da na fi cin karo da shi kuwa shi ne ƙananan rajistocin nan: waƙar da mai kira yake ji kafin a ɗaga, saƙon addu'ar safe, labarin ƙwallo, gasar amsa tambaya a ci kyauta. Yadda ake faɗawa ciki, rubutu ne yake faɗowa a fuskar wayar da Turanci, a ƙasansa ga wurin amincewa a hagu, ga na sokewa a dama. Dattijuwar da ba ta yi boko ba, ita dai so take rubutun ya gushe ta ga fuskar wayarta yadda ta saba, sai ta danna maɓallin da ya fi kusa da babban yatsanta. Shi ke nan ta shiga. Wani yana cire naira ashirin a rana, wani hamsin ko ɗari a mako, kuma yana sabunta kansa da zarar kuɗi ya shigo. Mai cire ashirin a rana kaɗai, a mako biyu ya kwashe 280. In biyu ne suka haɗu a layi ɗaya, ka riga ka san inda dubunka ta tafi.

Maganinsa, a danna *305# a ga abin da layin yake ciki a soke. Sannan a rubuta STOP a tura zuwa 2442, wannan yana toshe saƙonnin talla. Amma ka lura, 2442 tallan yake tarewa, ba ya soke abin da aka riga aka shiga. In abin ya gagara ta *305#, a kira 300 daga wayarta, layin kula da masu hulɗa ne, kyauta ne, kuma akwai zaɓin Hausa. Ka ce a karanto maka duk abin da aka yi wa layin rajista, a cire shi kakaf, ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta. In bayan haka aka ci gaba da cirewa, sai ka kira 622, layin NCC, shi ma kyauta, kuma lambar ƙorafin nan za su fara tambayarka.

Na biyu, ba so nake in haɗa ka da 'yan gida ba, amma wayar tsohuwa ta kowa ce. Jika ya zo, "Inna ara mini in yi filashin," ya zagaya bayan rumbu ya yi minti goma. Maƙwabciya ta shigo za ta tambayi jikin 'yarta da ke aure a Haɗejiya, ina Inna za ta iya cewa a'a? Buɗe wurin da wayar take ajiye kiran da aka yi, ka ga lambobin da tsawon kowane kira, zai gaya maka gaskiya ba tare da an ɓata da kowa ba. Akwai kuma tura kati daga layi zuwa layi ta *321#. Yana buƙatar lambar sirri, amma wadda layi yake zuwa da ita mai sauƙi ce irin 0000 ko 1234, kuma kowane yaro ya san ta. Ka canja ta, ka riƙe a wurinka. Sai rancen kati ta *303#, wanda shi ne ya fi ruɗa mutane, domin ba a ganin sa sai ranar biya. Yaro ya ranci 200, aka ba shi 170, saboda kashi 15 cikin ɗari ake zarewa tun farko. Ranar da dubunka ta shiga, kafin Inna ta ce uffan an cire 200. Malamai sun yi magana a kan hukuncin wannan ƙarin, wannan fagensu ne. Ni dai ta fuskar kasuwa nake gaya maka, babu katin da ya kai na rance tsada.

Akwai kuma wani abu da sai wanda ya zauna da dattawa yake lura da shi. Inna ta gama magana, ta ce "to madalla, a gaida yaran," ta ajiye wayar a kan tabarma ba ta danna jan maɓalli ba. Ƙanwarta da ke Gumel ita ma hakan ta yi, ta tura tata ƙarƙashin filo ta koma kan tsintar wakenta. Wayoyi biyu a buɗe, ba mai magana, kuɗi yana tafiya. Minti ashirin a haka naira 300 ne a lissafinmu na ɗazu. Ka zauna da ita ka nuna mata jan maɓallin, ta danna sau biyu duk sanda ta gama. Wasu ƙananan wayoyin suna da wurin saita iyakar mintin kira, su katse da kansu in lokacin ya cika, in tata tana da shi ka sa mata minti biyar. Ka kuma kunna makullin madannai mai kulle kansa, domin wayar da ake ƙullewa a bakin zani ko a cusa a aljihun riga tana kiran mutane ba da sanin mai ita ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Ƙananan wayoyin yanzu da yawa suna zuwa da Facebook ko wurin shiga intanet, kuma in yaro ya buɗe babu data a layin, ana iya cira daga katin kira. Ka kashe datar gaba ɗaya daga saitin wayar. Tes ya koma naira 6 daga 4. In kuma layin yana haɗe da asusun banki ana duba kuɗi ko yin transfa da lambobin tauraro, kowane shiga naira 6.98 ne, kuma tun tsakiyar 2025 daga katin waya ake cirewa, ba daga asusun banki ba kamar da.  Batun kai caji kuma, masu cajin yawancinsu mutanen kirki ne, amma waya tana wuni a kan tebur, hannaye da yawa suna wucewa ta kanta. In batirinta mai fita ne, a kai batirin kaɗai. Wanda ya fi, ka saya mata 'yar fitilar sola mai wurin caji, ta huta da aike, ta kuma sami haske.

To yanzu mu zo kan tsarin. Sunayen suna da yawa kuma suna canjawa, amma in ka tattara su, yadda suke cin kuɗi iri uku ne.

Akwai tsarin garabasa, wanda in ka saka kati ake ninka maka. Irinsu BetaTalk na MTN, SmartConnect na Airtel da Berekete na Glo duk a wannan layin suka yi suna, kuma sabon layi yawanci a kan irin wannan tsarin yake zuwa, saboda haka ina kyautata zaton a nan Inna take. Wannan shi ne wanda ya fi daɗin ji a rediyo, kuma shi ne wanda ya fi rashin dacewa da ita. Dalili, nairar bonas ba daidai take da nairar da ka saka ba. Ana cajin kiran da aka yi da bonas da farashi mafi tsada. Mu ce an ba ta bonas ɗin kira na dubu ɗaya, ana cirewa kwabo 60 a sakan: naira 36 ke nan a minti, dubun ba ta wuce minti 28 ba. Sannan bonas yana da wa'adi, wani mako ɗaya, wani wata ɗaya, in ba a yi amfani da shi ba ya tafi. Wani kaso nasa kuma na data ne, wanda ita ba abin da zai tsinana mata. Abin da ya fi ciwo, ainihin kuɗin da ka saka ma a irin wannan tsarin an fi cajinsa da tsada a kan tsarin da ba shi da bonas. Wanda yake kira dare da rana, kamar dillalin shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, zai cinye bonas ɗinsa tas kafin ya lalace, shi ya ci riba. Mai minti tara a mako kuwa, bonas ɗin zai mutu a hannunta, ta koma tana biyan tsadar da aka ɗora saboda shi. A 2024 NCC ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa tsare-tsare, ta ce kada kamfani ya wuce tsari bakwai, kuma ya bayyana wa mutane ainihin abin da bonas yake nufi a minti ko a data. Don haka haƙƙinka ne ka tambaya a 300: bonas ɗin nan minti nawa ne, kuma kwana nawa yake yi?

Akwai mai kuɗin shiga na yini. Shi farashinsa na sakan yana da sauƙi, amma ana cire wani abu a kiran farko na kowace rana, ko a caji mintin farko da tsada. A nan ba zan yanke maka hukunci kai tsaye ba, domin ya danganta da yadda Inna take magana. Mu ce kwabo 15 ne a sakan, naira 9 a minti, da naira 10 na shiga. In ta yi minti uku, 27 da 10, naira 37, ya fi 45 ɗin da za ta biya a tsarin kwabo 25 sauƙi. Amma in irin kiran nan ne na "kira ni, ina son magana da kai," sakan ashirin, za ta biya naira 13 a maimakon 5. Wato yana yi wa mai dogon zance rana, yana cutar mai gajeren saƙo. Abin da za ka tabbatar kafin ka sa ta, shi ne ko kuɗin shigar sai ranar da aka yi kira ake cire shi, ko kuwa kullum ne ko an kira ko ba a kira ba. In na kullum ne, ka guje shi.

Sai na ukun, wanda ba a cika tallarsa ba: farashi ɗaya a sakan zuwa kowane layi, ba bonas, ba kuɗin shiga. Abin da ka saka shi ne abin da ke ciki, yana zaune har sai an yi kira, muddin layin yana raye. Wannan nake zaɓar wa dattawa, domin ko ba shi ne mafi arha a kowane kira ba, shi ne wanda za ka iya bin sawunsa daga Kano. In ka tura 500 ka san minti nawa ne, in ya ƙare da wuri ka san akwai magana. Ka kira 300 ka ce a gaya maka tsarin da ba shi da bonas mafi ƙarancin kwabo a sakan, da lambar da ake dannawa a koma kansa. Kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka shekara biyu da suka wuce, domin a Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari, karo na farko tun 2013, kuma farashin kowane tsari ya motsa bayan nan. In an koma, a maimaita gwajin minti ɗayan nan don a ga an koma ɗin da gaske.

Ƙunshin mintuna na wata, wanda ake saya a dunƙule, shi ma yana da wa'adi, ba nata ba ne. Naka ne, zan dawo kansa.

Maganar wane kamfani ya fi arha kuwa, ga mai kira kaɗan ba ta da nauyin da mutane suke ɗora mata. A tsari iri ɗaya, tazarar da ke tsakanin kamfanonin 'yan kwabbai ce a sakan. Ko ta kai kwabo uku, ga mai minti 40 a wata naira 72 ce. Abin da zai raba gardama shi ne sabis, kuma sabis na cikin ɗakinta, ba na bakin titi ko na kasuwar Gujungu ba. Layin da sai an fita bayan gari an hau tudu kafin a ji magana, ko kyauta ne ya yi tsada, domin kira yana katsewa a sake, kuma ranar da rashin lafiya ta taso da tsakar dare ba wanda zai fita neman tudu. Ka gwada da wayarta ita kanta, ba da babbar wayarka ba. Yawancin ƙananan wayoyin nan a kan 2G suke aiki, saboda haka ganin 4G cike a taka ba hujja ba ce. Ka gwada bayan magariba, lokacin da kowa ya dawo daga gona ya ɗauki waya, a nan ake gane ƙarfen sabis ɗin da ya yi wa gari kaɗan. Ka kuma tambayi mai POS na garin wane layi yake sa wa na'urarsa, da wanda yake komawa in hadari ya taso ko injin ƙarfen sabis ya tsaya. Shi abincinsa a kan sabis yake, ba zai yi maka son kai ba. Tsohuwar dabarar nan ta kowa a gida ya riƙe kamfani ɗaya don kira ya yi sauƙi ta rage amfani, tunda yawancin tsare-tsaren yanzu kuɗi ɗaya suke caji zuwa kowane layi.

In ka tarar wani kamfanin ya fi ƙarfi a garin, ba sai ta rabu da lambarta ba. Tun 2013 ake iya ƙaura da lamba daga kamfani zuwa kamfani. Za a je shagon sabon kamfanin da ita da shaidarta, a tura PORT zuwa 3232, a ba ta sabon layi da tsohuwar lamba. Sai dai katin da ya rage a tsohon ba ya bin ta, a cinye shi tukuna. Layi biyu a waya ɗaya kuwa ba na ba dattawa shawararsa sai in dole, domin ruɗani yake kawowa: a saka kati a wannan, a yi kira da wancan, kuma ga nauyin raya layi biyu.

Raya layin nan shi ne abin da masu kira jefi-jefi suka fi yin sakaci da shi, kuma asararsa ta fi ta kati nesa ba kusa ba. A ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin da ke kawo wa kamfani kuɗi da shi ba ana iya dakatar da shi, in ya ƙara wata shida a haka mai shi yana iya rasa lambar, a sayar wa wani. Yadda abin yake faruwa a ƙauye, waya ce take lalacewa da damina, a cire layin a ƙulle a leda a jefa cikin kwalla, a ce sai an sayar da amfanin gona a sayi wata. Kaka ta zo ta wuce, wata hidimar ta taso. Ranar da aka tashi sakawa, sai a kira lambar a ji muryar wani baƙo. In lambar tana haɗe da BVN, to alat ɗin bankinta da lambobin sirrin da banki yake turowa duk wurin baƙon za su riƙa zuwa, haka ma duk wani tallafi ko rabon taki da aka rubuta sunanta da wannan lambar. Saboda haka ko wayar ta mutu, a riƙa saka layin a wata wayar ana yin ɗan kira ko da sau ɗaya a wata, kada a dogara da karɓar kira kaɗai.

Wannan ya kawo mu kan sunan wa layin yake. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma wa'adin ƙarshe ya cika a Satumbar 2024. Danna *996# zai nuna maka matsayin layin. Ka tabbatar da sunanta da NIN ɗinta aka yi rajistar, ba da na yaron da aka aika kasuwa ba, kuma ba layin da aka saya da rajistarsa a kan tebur ba. Ranar da wayar ta ɓace za a yi welkam bak, wato a sake fitar da lambar a sabon layi, mai sunan ake nema da kansa, da fuskarsa ko yatsansa. In yaron ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, lambar Inna ta tafi tare da shi. In ba ta da NIN, a kai ta ta yi, wahalar yini ɗaya ce. In kuwa tafiyar ba za ta yiwu ba saboda jiki, gara ka yi da sunanka kai da za a same ka kowane lokaci, amma ka sani layi huɗu kaɗai aka yarda mutum ɗaya ya riƙe a kamfani ɗaya.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. A Nijeriya mai karɓar kira ba ya biyan ko kwabo, saboda haka kuɗin hirarku ya koma kan layinka. Kai ka sayi ƙunshin mintuna na wata, tunda kai za ka iya cinye shi, ita kuma ta yi maka filashin ka kira. Ka sa mata lambarka a kiran gaggawa na maɓalli 2, ta danna ta riƙe, ta ji ya shiga ta kashe. Ka gaya wa sauran 'yan'uwa su ma haka. Layinta kuma a bar masa 300 zuwa 500 saboda larura da gaishe-gaishen da take son yi da kanta, domin dattijuwa tana son ta kira 'yar'uwarta ba sai ta roƙi kowa ba, kuma wannan haƙƙinta ne. Kada ka ƙara tura dubu a dunƙule, kuɗi mai yawa a layi shi yake jawo masu aro. Ka riƙa turawa kai tsaye daga bankinka ko wurin mai POS zuwa lambarta, maimakon ka karanto lambobin kati a nemi wanda zai loda mata, domin a tsakanin karantowa da lodawa ma kati yana ɓacewa. Ka dai duba lambar sau biyu kafin ka tura, katin da ya faɗa layin wani dawo da shi aiki ne.

Ga masu karatu da iyayensu suke garuruwan bakin iyaka, wajen Maigatari ko Ɓaɓura, akwai ƙarin abu ɗaya: waya tana iya kama sabis ɗin Nijar da kanta, a riƙa cajin mutum kamar ya fita ƙasar waje alhali yana tsakar gidansa. A shiga saitin wayar a zaɓi kamfanin da hannu, kada a bar ta tana zaɓa. Kiran lambar Nijar mai farawa da +227, ko ta alhazai a Saudiyya, farashinsa daban ne, kuma bonas yawanci ba ya ɗaukarsa. In kuma wata rana ka sauya wa Inna babbar waya don ta riƙa ganin jikoki a WhatsApp, data ta kwana ɗaya ko ta mako za ka riƙa saya mata lokacin da ake buƙata, ta *312#, kuma duk sanda aka tambaye ka ko ta riƙa sabunta kanta, ka ce a'a.

Sannan ka ja mata kunne a kan masu kira su ce daga kamfani suke ko daga banki, za a rufe layi in ba a karanto musu lambar da aka turo ba, ko su ce an ci kyauta a turo kati a karɓa. Dattawan ƙauye suke nema, kuma da Hausa mai daɗi suke magana, har da "Hajiya" da "ranki ya daɗe." Ba kamfani ko bankin da yake neman lambar sirri ta waya. Duk wanda ya tambaye ta lamba, ko ta NIN, ko ta BVN, ko wadda ta shigo ta tes, ta danna jan maɓallin nan, ta yi maka filashin.